Ranar da Na Kewaye Magama

Ban ƙarasa tseren ba. Na faɗi a wata gonar gero kusa da Daddara, bayan azahar. Wani manomi ne ya tsince ni, ya aza ni a amalanken shanu tare da damman kara, ya fito da ni bakin titi. Kwana tara na yi a asibiti.

Tseren na ƙafa ne, daga Maraɗi zuwa Katsina, a yini ɗaya. Waɗansu masu motsa jiki na garuruwan biyu ne suka haɗa shi. A tashi bayan sallar asuba, a isa kafin magariba. Hanyar ta bi ta Ɗan Isa, ta ƙetara boda, ta ratsa Magama, inda nake neman abinci.

Ni ɗan dako ne. Sama da shekara ashirin ina ɗaukar kayan mutane a ka da kafaɗa ina ƙetarawa da su. Shinkafa, taliya, dabino, jarkar mai, duk abin da aka aza mini. Ba ta titi muke bi ba. Titi na masu takarda ne. Mu ta gonaki muke bi, ta kwazazzabai, ta bayan rugage. In ka hango shinge, ganga a tsakiyar hanya da mutum zaune da littafi, sai ka sauka ka kewaye, ka ɓullo can gaba. Wannan shi ne aikin gaba ɗaya. Sauran ƙarfin wuya ne.

Abu guda aka san ni da shi a tasha: ban taɓa yar da kaya ba. In aka biyo mu, wasu sukan jefar da buhu su tsira da ransu. Ni da buhuna nake isa. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Gangara, da mahaifiyata a bayana na iso Magama, ban sauke ta ba sai a ƙofar masallaci. Ba alfahari nake yi ba. Ina faɗa ne don a san irin mutumin da ya faɗi a gonar nan.

Wanda ya sa na shiga tseren shi ne tsohon da ke shugabantar 'yan dako a tasharmu. Baba muke ce masa. Shi yake raba aiki, shi 'yan kasuwa suke samu in suna neman hannu. Shi ya fara aza mini buhu a ka ina saurayi, shi ya nuna mini kowace ɓarauniyar hanya tsakanin Magama da Ɗan Isa. A rediyo ya ji sanarwar. Ya ce da ni a gaban kowa, wajen mai shayi:

"Kai da kake gudu da buhu, yau ga gudu babu buhu. Je ka nuna wa 'yan birni."

Na ce to.

Na kwana a Maraɗi wajen wani abokin aiki. Da safe aka ba kowa lamba ya maƙala a ƙirji, da takarda guda mai rubutu gaba da baya. Ban yi boko ba, ban yi lakwal ɗin Nijar ba. Na buɗe takardar, na zuba dabino a ciki, na ƙulle na sa a aljihu. Wani mutum ya hau bayan mota da lasifika yana bayani, da Faransanci, da Turanci, sannan da Hausa. Kafin ya zo kan Hausar na koma gefe ina ɗaure takalmin robana. Ina iya tambayar na kusa da ni abin da aka ce. Ban tambaya ba. A ganina gudu ba ya bukatar bayani.

Lokacin kaka ne, an yanke gero, gonaki sun buɗe. Safiyar akwai daɗi. Mun fita gari muna da yawa, can sai muka warwatse. 'Yan birnin suna da takalma masu laushi da agogo a hannu, suna duba shi kowane lokaci. Ni ina da 'yar gora ta ruwa a ɗaure a ƙugu. Jikina babu nauyi, har nake jin kamar na manta wani abu a baya. Kai babu buhu, wuya babu ciwo. Ban taɓa jin gudu da sauƙi haka ba.

Sai na hango teburin farko.

Tebur ne a bakin titi, da mutum biyu sanye da riguna masu ruwan ɗorawa. Ɗaya yana riƙe da littafi da biro. An ajiye ganga a gefe. Wani jandarma yana zaune a kan benci ƙarƙashin bishiyar bedi. Ban yi shawara da ƙafafuna ba. Kafin in yi tunani na sauka daga kwalta, na shiga gona, na bi bayan wata 'yar bukka, na ɓullo gaba da su da nisa. Na waiga na ga waɗanda suke gabana ɗazu suna tsaitsaye suna shan ruwa. Na yi dariya a raina.

Na ga ledojin ruwa a kan teburin. Ba zan ce ban gani ba. Na san abin da aka ajiye su domin shi. Amma na ga littafin ma. Tun da nake, ba a taɓa rubuta ni a littafin bakin hanya alheri ya biyo baya ba. Na farko dai sabo ne ya kautar da ni. Na biyu da na uku da gangan na yi. Na ce a raina, ni da ban taɓa tsayawa a shinge da ƙafata ba, ba yau zan fara ba don ruwan leda.

Akwai lissafin da ban yi ba. A dako, awa biyu muke yi, in ta yi tsawo uku, mu sauke kaya a gidan da aka ce, a ba mu ruwa a kwano, mu zauna. Ban taɓa yin gudun yini ba. Gorata ta ƙare tun kafin Ɗan Isa. Dabinon ya koma yana manne mini a dasashi.

A kan boda aka kafa babban tebur, tsakanin duwan na Nijar da kwastan na Najeriya, har da rumfa. Nan kam gida na zo. Babu kwazazzabon da ban sani ba. Na sauka ta tsohuwar hanyarmu, na bi ta gindin kukar da muke hutawa, na zagaya ta bayan Magama gaba ɗaya, ban taka titinta ba. Ina jin kalangu daga nesa, ta wajen tasha. Na zaci biki ake yi.

Daga nan abin da nake tunawa guntu-guntu ne. Zufa ta daina fito mini. Ina cikin rana ina jin sanyi. Ƙwaurina yana ɗaurewa kamar an sa igiya ana ja. Na koma tafiya, in ɗan yi gudu, in koma tafiya. Kafin Daddara na hango wani tebur. Wallahi a lokacin babu abin da nake so a duniya kamar ruwan da ke kansa. Duk da haka na sauka gona. Wannan ne abin da na fi juyawa a raina daga baya. Ina mutuwa da ƙishirwa, ruwa yana gabana, kyauta, kuma na kewaye shi.

Na farka da allura a hannu, ana yi mini ƙarin ruwa, leda bayan leda. Fitsarina ya koma kamar shayi ba madara. Likita ya ce ƙodata ce ta wahala, saura kaɗan ta tsaya.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakinmu Kirista ce, 'yar Filato, ta daɗe tana aiki a ƙasar Katsina har Hausarta ta koma irin tamu. Sista kowa yake ce mata. Ashe tana cikin waɗanda suka zauna a teburin boda ranar tseren. Kwana na uku, da na fara gane mutane, ta zo ta tsaya a kaina da lambar da aka cire daga rigata.

"Malam, kai ne ka hana mu cin abinci ran nan."

Na dube ta.

"Kowane tebur ana rubuta lambar mutum in ya wuce. Don a san inda kowa yake, in wani ya faɗi a san inda za a neme shi. Taka babu ita ko'ina. Tun daga Maraɗi. Mota biyu aka tura suna nemanka a ƙasar Nijar, kai kuwa kana kwance a Daddara."

Na ce, "Ban sani ba."

"Yana cikin takardar da aka ba ka."

"Dabino na ƙulle da ita."

Ta yi dariya har ta dafa gadon. Sannan ta daina. Ta ce, "Ruwan nan fa kyauta ne, Malam. Me ka guje wa?"

"Littafin."

Ta gyara robar hannuna. Ta ce ko da na riga kowa shiga Katsina, ba za a ƙirga ni ba, tunda babu teburin da ya shaida na wuce. Wato tun daga teburin farko na fita daga tseren. Duk gudun da na yi bayan nan, ni kaɗai nake yinsa.

Sauran labarin matata ce ta ba ni. Ita take kwana da ni a asibitin, tana kawo kunu. Ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa muka daɗe tare. Ranar da za a sallame ni tana naɗe tabarma ta ce:

"Ka ji kalangu ran nan?"

Na ce na ji.

"Naka ne."

Ashe Baba ya hana kowa ɗaukar kaya ranar. Ya tara 'yan dako duka a bakin titi gaban tasha, ya kira makaɗi. Shi da kansa ya riƙe kwanon fura da nono, ya rufe da faifai, ya tsaya tun hantsi. Mai gudu na farko ya wuce, aka ce ai namu yana tafe. Na goma ya wuce. Har wani dattijo Bamaraɗe da ya zo ƙarshe yana jan ƙafa, aka yi masa tafi, ya tsaya ya sha ruwa ya gaisa da mutane. Baba bai zauna ba sai la'asar. Furar ta yi tsami a hannunsa.

"Ni dai na ce masu, kada ku wahalar da kanku, ta baya ya bi," in ji ta. "Ba wanda ya saurare ni."

Na koma gida. Likita ya ce kada in ɗauki abu mai nauyi har sai ya ba ni izini, kuma in riƙa shan ruwa ko ba na jin ƙishirwa. Matata ta ajiye kofin silba kusa da tabarmata. In ta cika ta dawo ta iske shi yadda ta bari, ba ta faɗa, sai ta tsaya a kaina har in shanye. Na koma ina duba launin fitsarina kowace safiya kamar yadda manomi yake duba gabas da damina.

Abokan aiki sun zo dubiya, biyu-biyu, uku-uku. Sukan zauna a ƙofar ɗaki su yi ta tsiya.

"Ga mutumin da ya yi fasa-ƙwaurin kansa!"

"Kai, ka burge. Duwan ba su gan ka ba, kwastan ba su gan ka ba, mu ma ba mu gan ka ba. Sai shanu."

Nakan yi murmushi. Tsiyarsu ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, Baba bai zo ba. Bai aiko ba. Mutumin da ko zazzaɓi na yi sai ya leƙo. Na san in bai kira ni ba, babu ɗan kasuwar da zai ba ni kaya a Magama. Amma ba aikin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Ubana ya rasu ina ƙarami. Wannan tsoho shi ne ya tsaya a wurin.

Wata biyu ban taka tasha ba. Da farko na ce jiki ne. Daga baya jikin ya yi sauƙi, ina zuwa masallaci, ina zuwa kasuwar Jibiya a ƙafa in dawo. Sai na lura da wani abu. Duk inda za ni, ta lungu nake bi, don kada in wuce ta gaban tasha. Rannan na tsaya a bayan wani shago ina leƙen titi kafin in ƙetara, sai na gane abin da nake yi. Kewaye nake yi har yanzu. Tsohon ya zama shinge.

Washegari da hantsi na bi titi, tsakiyarsa, har rumfar mai shayi. Baba yana nan zaune a bencinsa, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Mutane suka juyo suna kallona. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo.

Na ce, "Baba, ban ida ba. Na ba ka kunya."

"Wace kunya?"

"Na faɗi."

"Yo faɗuwa mi ce ce? Ni nan sau nawa na yar da buhu na ruga? Tambayi waɗannan, wanne ne bai taɓa faɗuwa ba? Kai kaɗai ne ka ɗauki abin kamar wani rawani." Ya buga sandar a ƙasa. "Ba ita nike tambaya ba. Abin da nike son ka gaya mani, mu ma duwan ne?"

"Ban san kuna nan ba, Baba."

"Da ka biyo titi da ka sani."

Na sunkuyar da kai. Mai shayi ya daina kaɗa cokali.

Can Baba ya ce, "Ni na koya maka kewaye. Har yau ban koya wa kowa ya iya kamarka ba. Tsayawa ce ban koya maka ba, don ban zaci sai an koya wa mutum ita ba." Ya juya ya kira mai furar da ke zama gefen rumfar. "Ke, dama mani ta kwano guda. Ki sa nono da yawa."

Da ta kawo, na miƙa hannu daga inda nake durƙushe. Ya janye kwanon.

"A'a. Ba nan ba. Tashi."

Ya miƙe da ƙyar, ya taka har bakin kwalta, daidai inda aka ce ya tsaya ran nan. Ya sa ni na koma baya kamar taku ashirin, ta wajen boda. Ya ce in taho. Na taho, a gaban 'yan dako da direbobi da masu acaɓa, kowa yana kallo. Na zo gabansa na tsaya. Ya miƙo mini kwanon. Na shanye a tsaye. Wani ya fara kaɗa jarka, aka bushe da dariya. Tsohon bai yi dariya ba. Ya karɓi kwanonsa ya ce, "Tau. Gobe ka zo da wuri."

Bayan ƙaramar salla na je Daddara na nemi manomin da ya tsince ni. Na kai masa goro da sabulu. Ya nuna mini wurin, gindin wata 'yar gawo, ko taku ɗari babu daga titi. Ya ce da farko ya zaci gawa ce. Daga nan na kama hanyar Katsina a ƙafa, ni kaɗai, ba gudu ba, don in ga abin da ya rage mini. Na yi niyyar duk shingen da na tarar zan tsaya. A na farko na ji kamar ina ɗauke da buhu. Na yi sallama, na ce ina neman ruwa. Jami'in ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi inda za ni da abin da ke cikin aljihuna. Na juye masa aljihun. Ya nuna mini jarka da baki. Na sha, na yi godiya, na wuce. Ba abin da ya faru. Na shiga Katsina da la'asar sakaliya, na yi salla, na hau mota na dawo. Babu wanda ya rubuta. Matata kaɗai na gaya wa, ta ce, "Ka sha ruwa dai?"

Ban koma hanyar daji ba. Likita ya ce ƙodar ta warke, amma ba za ta sake ɗaukar irin wancan ba, kuma dajin ma ya lalace. Baba ya sa ni a lodi da sauke kaya a cikin tasha, a fili, inda kowa yake ganina. Abin da ake samu bai kai na da ba. Yana isar mu.

Ba a sake yin tseren ba tun da al'amuran boda suka rikice, yau a buɗe gobe a rufe. Ban san ko za a sake ba. In an sake zan shiga, kuma zan sa a karanta mini takardar.

Yanzu ina Magama. Sau biyu a mako, bayan sallar asuba, nakan yi gudu a kan kwalta zuwa Daddara in dawo. Akwai shinge biyu a hanya, sun san ni, nakan tsaya a kowanne. Baba ya tsufa sosai, ba ya iya zuwa tasha kullum. Ranar da bai zo ba, nakan bi ta gidansa kafin in tafi nawa.